Kaset ɗin Christina

Shafi na 17

Masu bina da saƙo tun shekaranjiya, har da wadda ta ce za ta kai ƙarata wajen maigidana, ku yi haƙuri, ciwon haƙori ne ya kwantar da ni. Ga Alhaji Nababa nan na kawo muku shi har Kurudu. Wanda zai tausaya masa ban hana shi ba, ni dai na gaji da kare shi.

*

Tun daga Karu Alhaji Nababa yake taɓa aljihun gaban rigarsa, ya ji abin yana nan, ya sauke hannu, can kuma ya sake taɓawa. Asabar tara ke nan yana yin wannan hanya daga Gwarinpa zuwa Kurudu, kuma yau ce ta farko da ya so a ce cunkoson Nyanya ya riƙe shi har magariba. Hanya kuwa ta buɗe fes, kamar da gayya.

Sandra ce ta ƙirƙiro abin, 'yar amininsa Dominic. Tun da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye bakinsa ya rufe, likita ya ce a riƙa sa masa kiɗan da ya sani. Sai ta ɗauko waƙoƙin Tsawa Biyar, ƙungiyar da ta hana Jos barci shekara arba'in da suka wuce da kukan jita da rugugin ganga, ta ce za a jera goma mafi kyau daga ta goma zuwa ta ɗaya, duk Asabar ta sanar da guda a shafinta. A cikin mutum biyar, biyu suka rage a duniya. Dominic mai ganga, da Nababa mai jita, wanda yanzu in ka kira shi Naba Faya a masallacin unguwarsu sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Ya yi sallama a ƙofar ɗakin. Dominic yana kishingiɗe, an tokare shi da filo biyu, cokalin shayi a hannunsa na hagu, hannun da ya rage masa.

"Domi, ya jiki?"

Kwas! Cokali ya sauka a ƙarfen gado. Wannan ita ce amsarsa ta kullum.

"Uncle sannu da hanya," in ji Sandra, tana ja masa kujera. "Ka zo da shi?"

"Haba Sandra, ko ruwa ba za ki ba ni ba?"

"Ga ruwa. Ka zo da shi?"

"Mu gama da ta yau tukuna."

Ta dube shi, ta danna wayarta. "Motar Ƙarshe Zuwa Bukuru" ta tashi, jita ta fara kuka tun kafin ganga ta shigo. Duk da abin da ke cinsa a rai sai da ƙafar Alhaji ta motsa a cikin takalmi. Dominic kuwa ya kama ƙarfen gado da duka, bai kuskure bugu ko ɗaya ba har waƙar ta kai inda jitar Nababa ke hawa ita kaɗai tsawon minti guda da rabi.

"To kin ji," Alhaji ya ce da sauri, waƙar na ƙarewa. "Wannan ai ita ce ta ɗaya. Mu rufe littafin kawai."

"Uncle, ta biyu muke nema yau."

"Wace ta biyu? Waƙar da muka buga sau huɗu a dare ɗaya a Kafanchan don an hana mu sauka? Duba mutanenki ma, kowa ita yake kira."

"Wannan gaskiya ne," ta ce, tana jan allon wayar da yatsa. "Akwai wani Nasrullahi daga Kwali, ya ce in ba Bukuru ce number one ba zai daina bina. Ya ce shi da 'Kuza Ta Ƙare' da muka sa ta uku ma bai yafe ba."

"Kin gani? Muryar jama'a."

"Jama'a ba su buga ganga ba." Ta juya wajen gado. "Daddy, Bukuru ta ɗaya?"

Shiru. Cokali bai motsa ba.

"Ta biyu?"

Kwas!

"Domi, ka yi wa Allah ka yi tunani," in ji Alhaji, har da matso da kujera. "Wadda kake so ɗin nan ko a faifai ba ta fito ba. Ba wanda ya taɓa jin ta. Ya za a ce wadda ba a sani ba ta fi wadda aka sani?"

Dominic ya ɗaga cokali ya nuna takardar da ke manne a bango. Tun makon jiya ya rubuta ta da hannun hagu, harafi ɗaya karkatacce, C.

Sandra ta ajiye waya.

"Uncle Naba, shekarata arba'in. Wata bakwai nake da shi Mama ta rasu. Hotonta biyu nake da su, ɗaya ma ruwa ya ci rabin fuskar. Ban san yadda muryarta take ba. Ko siririya ce ko mai kauri, ban sani ba." Ta dubi mahaifinta. "Daddy ya ce sau ɗaya tak ta yarda ta yi muku waƙa, kuma an ɗauka a kaset. Ya ce da muka baro Jos ɗakinmu na Karu yana yoyo, shi ya sa ya ba ka ka ajiye. Tun ina sakandare nake jin 'ina nema', 'yana cikin kaya', 'sai Hajiya ta dawo'. Please, ka zo da shi?"

Ƙarya ta ƙare masa. Shekara ashirin da ɗoriya yana jan ta kamar roba, yau ta kai inda za ta tsinke.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da shi.

Sandra ta yi wata 'yar ƙara kamar ƙaramar yarinya. Ta karɓa da hannu biyu, ta karanta rubutun biro da ya dushe a jiki, ta manna shi a ƙirji. Wallahi da kun ga fuskarta a lokacin, da kun ce Alhaji ya tashi ya gudu tun da sauran mutuncinsa.

"Daddy ka gani? Ya zo! Riƙe, bari in ɗauko rikodar maƙwabciyarmu Madam Nazeefa, tun ranar Laraba na aro."

Ta sa wa mahaifinta kaset ɗin a hannu ta fita.

Dominic ya saki cokali. Ya shafa gaban kaset ɗin da babban yatsa, ya shafa bayansa, a hankali, bakinsa da ya karkace yana rawa. Sai yatsan ya hau saman kaset ɗin ya tsaya.

'Yan bana-bakwai ba za su gane ba, bari in faɗa muku. A saman kowane kaset akwai wasu 'yan haƙora biyu na roba. In ka ɗauki abin da kake so ƙwarai, sai ka karya su, daga nan babu rikodar da za ta yarda ta yi ɗauka a kansa ko za ka hau maɓallin da ƙafa. Dominic da kansa ya karya na wannan, da tsinken ashana, ranar da aka yi ɗaukar. Hanya ɗaya ce ake sake ɗauka a kan irin wannan kaset, ita ce mutum ya zauna ya yanko selotef ya toshe ramukan.

A kan selotef ɗin yatsan Dominic ya tsaya.

Ya ɗago ido ya dubi Nababa. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi sauƙi. Kallonsa kawai yake yi.

"Domi…"

Sandra ta shigo da rikoda tana goge ta da bakin zani. Ta jona, ta karɓi kaset ɗin, ta saka, ta durƙusa a gaban abin har gwiwarta na taɓa siminti.

"Daddy ka shirya? Uncle ka shirya?"

Ta danna.

Shuuu. Sai gyaran murya. Sai muryar wani dattijo ta cika ɗakin.

"A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. 'Yan'uwa masu sauraro, a jiya mun tsaya a kan…"

Sandra ta yi dariya. "Uncle ka ɗauko wrong one."

Ba wanda ya taya ta dariyar.

Ta kashe, ta cire, ta sake karanta rubutun. Ta juya ɗaya gefen ta danna. Malamin ne dai, a wata ayar. Ta kashe.

"Uncle?"

"Kuskure ne, Sandra. Azumi ne, ana tafsiri a rediyo, na miƙa hannu na ɗauko kaset ban duba ba…"

Kwas! Kwas! Kwas!

Dominic ya laluɓo cokalinsa, yana dukan ƙarfe kamar zai karya shi. Sandra ta dubi mahaifinta, ta bi inda idonsa yake, ta ɗaga kaset ɗin wajen hasken taga. Ita ma ai ta yi zamanin kaset.

"Selotef," ta ce a hankali. "Gefe biyu. Har an datse bakinsa da reza, ya zauna daidai." Ta juyo. "Uncle, kuskure yana yanka selotef?"

Alhaji ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mutumin da ya yi mataimakin darakta a ma'aikatar tarayya, wanda in ya yi tari masinja ke miƙewa, ga shi ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ba kuskure ba ne."

"To mene ne?"

"Shekarar da na dawo daga Makka aka sa ni a kwamitin masallacin unguwa. Wata Juma'a na ɗauko liman da dattawa biyu a mota. Na ɗauka kaset ɗin karatu na tura, ashe wannan ne, don a ɓoye nakan saurare shi in ni kaɗai ne. Jita ta fashe a motar. Kafin in kashe, wani Alhaji Murtala da ya yi zama a Jos ya ce, 'Kai! Wannan ai hannun Naba Faya ne. Akwai shaiɗanin yaro a wancan zamani, ko yana raye oho.' Liman ya yi a'uziyya. Ni kuwa na ce na direbana ne."

"Sai me?"

"Sai na dawo gida."

"Sai me, Uncle?"

"Sai na nemi selotef."

Ba wanda ya cece shi, sai ya ci gaba.

"Na gaya wa kaina tuba nake yi. Na ce na shafe zunubi da alheri. Washegari na juya ɗaya gefen. Har wani sanyi na ji a raina, Allah shi ne shaida. Sai bayan Sallah Domi ya zo min barka, yana fita ya ce, 'Naba, Christina tana lafiya a wajenka ko?' Na ce tana lafiya." Ya murza hular da ke gwiwarsa. "Ba liman ne ya ce in goge ba. Ba addini ne ya ce in ci amana ba. Kunya ce kawai, kada a san ni ne."

"Da ka dawo mana da shi."

"Na sani."

"Karu zuwa Gwarinpa nawa ne? Da ka sa a leda ka jefo ta katanga. Da ka ce ba ka son shi a gidanka, wa zai kama ka?"

"Na sani, Sandra."

"Ba naka ba ne!" Yanzu kam ta miƙe, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. "Jitarka ce ta ba ka kunya, to ka goge jitarka! Me Mamana ta yi maka? Kai kana da murya, Hajiya tana da murya, yaranka kullum suna jin uwarsu tana musu faɗa har sun gaji. Ni minti shida aka bar min a duniya, minti shida, ka ɗora wa'azi a kai!"

Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jin kowace kalma tana sauka inda ya dace da ita. Abin da ya fi ƙona shi, Asabar tara ya yi yana zama a kujerar nan yana cin gyaɗarsu yana gardamar wace waƙa ta fi wace, alhali ya san abin da ke jiransu a ƙarshen jerin.

Dominic ya buga ƙarfe sau ɗaya. Ya nuna rikoda, ya juya cokali a iska.

"Daddy babu komai a ciki."

Ya sake juya cokalin.

"In wuce gaba?"

Kwas.

Ta mayar da gefen farko, ta danna na gudu. Ta tsayar, malam. Ta sake, malam. Alhaji ya so ya ce ta bari haka, amma ya san ba shi da bakin magana a ɗakin nan. Shi kansa tun ranar bai ƙara sauraron kaset ɗin ba. Zaren ya kusa ƙarewa ta sake shi ya tafi da kansa.

"…wa sallallahu ala nabiyyil karim. Sai kuma gobe idan Allah ya kai mu."

Ƙyas. Ƙarar inda Alhaji ya danna tsayawa shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce.

Zaren bai tsaya ba. Shirin rediyo rabin awa ne cif, gefen kaset kuwa yakan ɗan zarce rabin awa, kuma waƙar Christina ce ta ƙarshe a gefen.

Wutsiyar kukan jita ta fito tana mutuwa. Farantin ganga ya yi tas. Sai numfashin mace, kusa da makirfo, sai dariya. Murya ce mai ɗan kauri, mai kaushi kaɗan kamar ta wadda ta tashi daga barci.

"Wayyo bayana. Domi, ɗan nan naka ma ganga yake bugawa a ciki."

Daga can nesa muryar saurayi ta amsa, "Mace ce, ki rubuta ki ajiye!"

Ta sake dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

Ƙwas. Maɓalli ya tashi da kansa.

Hawaye na bin gefen fuskar Dominic yana shiga kunnensa. Sandra ta koma ta durƙusa, ta mayar da zaren baya kaɗan, ta sake ji. Ta sake. A na huɗu bakinta na bin maganar.

"Irin muryata ce," ta ce, ba da kowa take ba. "Duk rayuwata ana ce min muryata kamar ta namiji."

Ta goge fuska da bayan hannu.

"Shi ke nan abin da ya rage?"

"Shi ke nan," in ji Alhaji.

Sai ta sunkuya ta jawo wani dogon akwati daga ƙarƙashin gadon mahaifinta, ta buɗe, ta ɗauko abin da ke ciki ta ɗora masa a cinya.

Jar jita. Ga ƙonon sigari a wuyanta inda ya bar shi. Ranar da ya sami takardar ɗaukar aiki ya jingine ta a ɗakin Dominic ya ce zai dawo ya ɗauka.

"Abu uku Daddy ya fito da su daga Jos," in ji Sandra. "Ni, da kaset, da wannan. Duk Kirsimeti sai ya canza mata waya, ya ce mai ita zai zo. Ka ga yadda ake riƙe kayan mutane."

Alhaji ya shafa ƙonon sigarin da yatsa.

"Asabar mai zuwa zan sanar da ta ɗaya. Ba zan sa hoton selotef ba, ba zan faɗi sunanka ba, wannan tsakaninka da Allah. Amma tun da muryarmu ɗaya da Mama, ni zan rera. Kai ka goge, kai za ka dawo da shi. Koya min."

Wani abu mai kama da sauƙi ya ratsa ƙirjinsa. Wannan kam zai iya. Waƙar da ya saurara a mota ya fi sau ɗari? Ya naɗe hannun babbar riga, ya murɗa kunnuwan jitar, ya ja waya ɗaya bayan ɗaya. Ba a jona ta da komai ba, ƙararta siririya ce, yatsunsa kuma sun yi laushi, waya na cizonsu. Duk da haka suka tafi da kansu. Mabuɗin waƙar ya fito daidai, hawa huɗu da saukowa, yadda ya tsara shi yana ɗan shekara ashirin da bakwai. Dominic ya rufe ido.

"Yawwa," Alhaji ya ce, har muryarsa ta ɗan dawo. "Daga nan sai in sassauta, sai ganga ta shigo, sai ita ta ɗauka."

"Ta ce me?"

Ya buɗe baki.

Ya sake buga wajen, ya zo daidai gaɓar, ya sake buɗe baki.

Ya san tana shiga a bugu na tara. Ya san sai ya ƙirga talatin da biyu kafin ta yi shiru ya hau da jitarsa, ya san hawan nan ɗaya bayan ɗaya, yanzu ma zai iya buga shi ido rufe. Abin da take faɗa a cikin talatin da biyun nan ne babu. Ya laluba, ya sake lalubawa. Ashe duk sauraron da ya yi a mota, jira yake ta gama ya ji kansa.

Ita ta tsara baitocin da kanta, ba ta taɓa sa su a takarda ba. Mutum ɗaya ne ya haddace su, ga shi nan kwance, leɓensa na motsi, sauti ya ƙi fita.

"Uncle," in ji Sandra, ta matso da wayarta ta danna ɗauka. "Ina jinka. Layin farko kawai."